An Karrama Maƙwabcina, Allah Ya Jiƙan Kasuwarsa

Da safiyar yau takalmina ya ci mutuncina a layin mai, a gaban jama'a. Ina riƙe da babur ɗina tun rana ba ta yi zafi ba, sai layin ya ɗan motsa, abin da ba ya yawan yi. Na yunƙura da ƙarfi don kada wani mai mota ya kutsa gabana, sai na ji ƙafata ta dama ta taka ƙasa kai tsaye. Na waiga. Tafin takalmin yana can baya ya yi kwanciyarsa a kan kwalta, ni kuma ina gaba da saman takalmin da safa mai huji. Wani dattijo da ke bayana ya sunkuya ya ɗauko tafin, ya miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi, ya ce, "Malam, ka manta rabin takalminka." Duk layin ya fashe da dariya. Na ji kunya, na ji haushi, kuma man ma ban samu ba, domin kafin a zo kaina aka ce injin ya yi zafi. Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, sun yi mana alkawarin layin mai zai zama tarihi, kuma ba su yi ƙarya ba. Layin nan ya daɗe har ya cancanci a riƙa koyar da shi a makaranta.

Takalmin na waje ne, mai ƙyalli, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya a gefe, kuma har yanzu kwalinsa bai yi ƙura ba a kan durowa. Na turo babur, ƙafa ɗaya sama ɗaya ƙasa, na nufi rumfar maƙwabcina baduku, wanda katanga ɗaya ce ta raba mu. Na tarar da shi zaune a ƙasa yana zuba kayan aikinsa cikin buhu: guduma, basilla, da ƙafafun katakon da yake ɗora fata a kai. Benci ma an riga an jingine shi a bango. Yau yake barin rumfar. Kafin in gaya muku yadda muka yi da shi bari in koma baya, domin ba ciwo ne ya kore shi ba, ba gobara ba. Karramawa ce.

A unguwarmu Sai-ka-gaji muke ce masa, saboda in ka tambaye shi takalmin nan zai kai yaushe, amsarsa ɗaya ce: "Sai ka gaji da shi." Kuma gaskiyarsa. Ba ya yarda da gam shi kaɗai. Ɗinki yake yi, da basilla da zare mai kakin zuma, yana ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Zai sa ka taka kwali, ya zagaye ƙafarka da fensir, ya yi maka faɗa in ka motsa. Takalmin da ya yi mini, da shi na raka babban ɗana makaranta ranar da aka fara kai shi yana kuka. Yau yaron ya fi ni tsawo, har ya fara gemu, takalmin kuwa dunduniya kawai aka taɓa canja masa. Takardar garanti ba ya bayarwa. Cewa yake, "In ya tsinke, ka san ƙofar gidana." Ni a ganina babu garantin da ya kai wannan, domin wanda ya san a bakin famfo za ku haɗu gobe da safe ba ya cutarka.

Sai dai mutumin yana da ɗan asirinsa. Wani guntun ƙarfe ne da ya saya wurin masu tsofaffin ƙarafa tun yana saurayi. A jikinsa akwai haruffan wani yare da babu wanda ya iya karantawa a unguwar, da hoton wani abu mai kama da kambi. Mai askinmu ya rantse daga jikin injin ban-ruwa aka ɓalle shi. Ko ma daga ina ne, in Sai-ka-gaji ya gama takalmi sai ya gasa ƙarfen a wuta ya danna a tafin, hayaƙi ya tashi, shi ke nan takalmi ya zama ɗan ƙasar waje ba tare da ya hau jirgi ba. Wani mai kanti a tsakiyar gari, mai ƙofar gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, wanda ake kira Farashi-ɗaya, shi ke zuwa da mota ya kwashe. Ya sa su a kwali mai kyau da farar takarda, ya jera ƙarƙashin fitila. A can babu mai cewa a rage. Mutum zai juya takalmin, ya ga rubutun da bai iya karantawa ba, ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya biya yana godiya.

Mu kuma 'yan unguwa, masu ƙaunarsa, mun san komai, mun bar kaza cikin gashinta. A rumfa muke sayen namu, kuma ga yadda cinikin yake. Ya faɗi kuɗi, ka dafe ƙirji. "Haba ɗan'uwa! Ni fa? Ni da matata ta yi jinyar matarka?" Ya rage. "Haba maƙwabci, fata ce fa kawai da zare." Ya ƙara ragewa. Sai ka gama murɗe shi har ya koma kuɗin fata, sannan ka ce, "Ka danna mini ƙarfen nan da kyau, yadda za a gani." Wato baƙin da suka ɗauka na waje ne, su ke ciyar da iyalinsa, mu masu kishinsa da zumunci muke biya. Dama an tambayi ido wa ya raina, ya ce wanda yake gani yau da gobe.

A haka dai ake zaune, kowa na cin abincinsa, sai manya suka tuna da mu. Ni kuwa duk lokacin da na ji an ce manya sun tuna da talaka, gabana faɗuwa yake.

Aka kafa wani abu wai shi Kwamitin Kishin Kayan Gida da Ɗorewar Muhalli, sunan da in ka faɗe shi sau biyu sai ka nemi ruwan sha. Shugabansa wani bawan Allah ne da ni nake kira Mai Girma Sarkin Almakashi, domin ban taɓa ganinsa a hoto ba sai yana yanka ƙyallen buɗe wani abu. Aikin farko da kwamitin ya yi shi ne tafiya ƙasar waje, da shugaba da 'yan rakiya da masu riƙe wa 'yan rakiya jaka, don su koyo yadda ake son gida. Da suka dawo suka kama otal, suka ɗauko masana, aka yi ta shan shayi ana nazari. Daga ƙarshe aka fito da sakamako mai girgiza duniya: wai mutumin da ke ƙaunar garinsu ya fi sayen kayan da aka yi a garin, kayan da aka yi kusa kuma ba sa cin man dako, suna daɗewa, ana gyara su, ba sa cika bola. Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara ilimi. Da ba a kama otal ba, da mun mutu ba mu sani ba.

Yadda suka gano muna ƙaunar garinmu ma abin a yaba ne. Sun turo wasu masu riguna iri ɗaya suna bi gida-gida. Wata ta tsayar da ni a ƙofa.

"Baba, kana alfahari da garinku?"

"Ƙwarai kuwa, 'yata."

"In ka ga na gida da na waje, wanne za ka saya?"

"Na gida mana! Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ta yi murmushi ta wuce shagon mai aski. Shi ma ya ba ta wannan karin maganar, har ya ƙara da bugun ƙirji, alhali injin askin da ke hannunsa da madubinsa da hodar da yake bula mana a ƙeya babu wanda bai ƙetaro teku ba. Duk layinmu haka muka amsa. Wa zai tsaya a ƙofar gidansu ya ce ba ya son garinsu? Bakinmu suka tambaya, bakinmu ya ba su amsa. Babu wanda ya ce mu juyo tafin takalminmu ya gani.

Maganar ɗorewa kuwa, mutanen da ke canja kujerun ofis duk lokacin da aka canja shugaba, su ne za su koya mana ita. A gidana akwai bokitin fenti da ya yi aikin ɗiban ruwa, da ya tsage ya koma na shara, da ya ƙara tsagewa uwargida ta zuba ƙasa ta shuka barkono a ciki. Murfinsa yana can kaji na shan ruwa. Ba zan yi muku ƙarya in ce ƙaunar muhalli ce ta sa ba. Babu ce ta koya mana, kuma malama ce da ba ta karɓar alawus.

Kwamiti ya ce yana buƙatar fuska, wato wani ɗan gida mai sana'a da za a nuna wa duniya. A nan mai aski ya shigo. Mutumin kirki ne, amma bakinsa kwando ne, ba ya riƙe ruwa. Direban Sarkin Almakashi ya zo aski, hira ta yi daɗi, mai aski ya ce, "Kai, in gwani kuke nema ai ga shi nan kusa. Takalman nan na kantin Farashi-ɗaya da kuke rububi, wa kake tsammani ke yin su?" Kafin gashin direba ya sake tsirowa, motoci sun cika layinmu.

Ranar taron an toshe hanya, an kafa rumfuna, an zuba kujerun roba. Motocin manya suka jeru, kowace injinta na aiki, don kada kujerar mai ita ta yi zafi kafin ya gama jawabi a kan tsimin mai. Aka raba ruwan gora. Robobin suna nan cikin kwatarmu har yau, su ke tare ruwa in an yi ruwan sama. Aka sa wa Sai-ka-gaji wata rigar da ba tasa ba, aka tsayar da shi a kan dandamali yana zufa, yana ɓoye hannayensa a baya saboda kantar da zare ya yi musu.

Sarkin Almakashi ya ɗaga takalmi da yatsa biyu, ya juya tafinsa ga masu ɗaukar hoto. "Jama'a, ku dubi abin takaici! Wannan takalmi a nan aka yi shi, a wannan lungu, amma saboda rashin kishi an tilasta wa ɗan'uwanmu ɓuya a bayan rubutun baƙi. Daga yau mun 'yanta shi!" Aka yi tafi, ni ma na yi, har hannuna ya yi zafi. Aka karɓe tsohon ƙarfen, wai za a kai shi gidan tarihi. Aka ba shi sabon hatimi mai cewa NAMU NE, da lambar yabo ta gilashi, da alkawarin cewa daga bana duk ma'aikacin da ke ƙarƙashin kwamiti takalminsa zai sa. Ina hango Farashi-ɗaya a kujerun baya. Shi kaɗai ne bai tafa ba, ya riƙe kai da hannu biyu kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Ba a jima ba aka kafa ƙaton allo a babban shataletalen gari. Ga fuskar Sai-ka-gaji, faɗinta ya kai ƙofar ɗaki, yana murmushin dole, riƙe da takalmi, an rubuta a ƙasa: A UNGUWARKU AKA YI SHI.

To, gari ya karanta, gari ya gane. Farashi-ɗaya ya fara dawo da kaya kwali-kwali. Ya ce wani babban mutum da ya yi shekaru yana sa takalmin ba ƙorafi ya zo kantin yana huci, wai tun da ya ga labarin a talabijin takalmin ya fara matse masa ɗan yatsa. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana jin wani wari-wari. Fatar ita ce, ɗinkin shi ne, amma an gane wanda ya yi shi yana shan ruwan famfonmu, shi ke nan darajarsa ta zube.

A wurin aikinmu, abokin zamana da ya daɗe yana sha'awar takalmina, har ya taɓa tambayata wa ya kawo mini tsaraba, ya dubi ƙafata ya ce, "A'a, ashe kai ma ɗan kishin gida ne! Allah ya ba da lada." Da irin muryar da ake yi wa mutum jaje ya faɗa. Na kawo labarin gida don a yi dariya, uwargida ba ta yi ba.

"Maigida, ba za ka ƙara fita da takalmin nan ba."

"Me ya yi? Jiya ma ke kika goge shi."

"Jiya ba a san shi ba. Yau duk wanda ya bi ta shataletale ya san a lungunmu aka yi shi. So kake a ce mijina ba ya iya sayen na kanti?"

"Ai na kantin ma shi ne."

"Shi ne a da. Yanzu ba shi ba ne."

Washegari na dawo na tarar ta ba ƙaninta takalmin, ta ajiye mini mai ƙyallin nan da ya watsa mini ƙasa a ido yau. Na yi ɗan gunaguni don kada a ce ban yi ba, na sa, da na ga yana ɗaukar ido kuma har tafiya na canja. Ƙanin nata yana can yana yawon duniya da nawa, ko gezau.

Masu kishi kuwa suka yi wa rumfar tsinke. Ba saye suke zuwa yi ba, hoto suke ɗauka da gwarzo. Dangi na nesa da suka ga fuskarsa a allo suka fara sauka da jakunkuna, tunda a ganinsu mutum ba ya hawa allo sai ya yi kuɗi. Mai rumfa ya ce ai yanzu ba rumfa ba ce, masana'anta ce, haya ta tashi. Masu karɓar haraji, da ba su taɓa sanin akwai lungun ba, suka gano hanya ba tare da tambaya ba. Wanda ya zo saye da gaske kuwa, in ya ga NAMU NE a tafin sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Tunda namu ne, ai sai a yi mana farashin gida."

Na je na tuhumi mai aski. Yana wasa aska ya ce, "Ni alheri na nufa, wallahi."

"Garin neman gira ka cire wa mutum ido."

"Na ji, ni na yi surutu. Amma ni na ce ku daina saye? Mene ne wannan a ƙafarka?"

Na ce masa ni aski na zo, ba wa'azi ba. Daga baya na ji ya lallaɓa ya sayi takalmi wurin Sai-ka-gaji don ya wanke laifinsa, bayan ya nemi ragi, ba shakka.

Alkawari fa? Sai-ka-gaji ya kwashe ɗan abin da ya tara ya sayi fata, ya zauna jiran ƙafafun ma'aikata. Da shiru ya yi yawa sai ya wanke ƙafa ya nufi ofishin kwamiti, ya ce in raka shi tunda ni na iya zaman benci. Muka tarar da hotonsa a bango, amma mai gadi bai gane shi ba sai da ya tsaya kusa da hoton ya yi irin murmushin. A ƙafar mai gadin na ga takalmin da aka ba Sarkin Almakashi kyauta ranar taro. Da Mai Girma ya daure ya sa shi ko sau ɗaya ya fita, da duk masu kwaikwayon tarinsa sun bi layi a rumfar nan, amma ina, ƙafar manya ba ta saba da kishi ba. Wani mai kwat ya fito ya ce mana kwamiti ya kammala aikinsa cikin gagarumar nasara, yanzu an kafa wani da zai auna girman nasarar. Takalman ma'aikata kuwa ai an riga an raba. Ya nuna mana ƙafarsa. Na roba ne, daga ƙetare aka yo odarsu, amma fa kore ne shar, launin muhalli.

"Ka gane, Baba," in ji shi, "kai hannu ɗaya ne, ba za ka iya yawan da ake so a kan lokaci ba. Amma muna alfahari da kai matuƙa."

Sai-ka-gaji ya ce to a taimaka a mayar masa da tsohon ƙarfensa. Aka ce yana gidan tarihi. Ina gidan tarihin yake? Ba a gina ba tukuna, amma an yanka ƙyallen filin.

A hanyar dawowa muka biyo ta shataletale. Ya ɗaga kai ya dubi kansa a sama, ya ce, "Maƙwabci, wancan ya fi ni sa'a. Shi ba ya cin abinci."

Ni ban ce binciken masana ƙarya ne ba. Muna son garinmu, wannan ko a gaban alƙali zan maimaita. Sai dai irin son da wasu ke yi wa tsohuwarsu ta ƙauye ne: har cikin zuciya, amma kada ta biyo su ofis.

To, mu dawo safiyar yau. Na tsaya a bakin rumfa da tafin takalmi a hannu, na yi sallama. Ya amsa, ya karɓa, ya juya shi, ya sa farce ya ɓare gefen. Ciki kwali ne.

"Wannan ba ya gyaruwa," in ji shi. "Ba a yi shi don a gyara ba. Ina wanda na ɗinka maka?"

Na ce yana wurin ƙanin uwargida.

"Takalmin yana lafiya?"

"Lafiya ƙalau."

"Na sani."

Na tambaye shi ina za shi da buhu. Ya ce Farashi-ɗaya, da yake mutum ne mai tausayi, ya samo masa baro da dilar silifan roba na waje, zai riƙa turawa a bakin tasha.

"Kai? Silifa? Haba Sai-ka-gaji! Abin da kafin ka saba da shi ya tsinke?"

"Shi ne daɗinsa ai, mai shi zai dawo. Ni na ƙarar da ƙuruciyata ina yin takalmin da ke hana mutum dawowa, ka taɓa ganin wauta irin wannan? In ya tsinke kuma babu mai zuwa ƙofar gidana, kowa ya san ba ni na yi ba."

Ya yi dariya, amma ban iya taya shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wa zan ji haushi, Sarkin Almakashi, ko mai aski, ko wannan ƙafar tawa mai safa.

Ya sa hannu can ƙasan buhu ya zaro wasu takalma baƙaƙe, sau-ciki. Ya ce su ne na ƙarshe da ya ɗinka, kuma da kwalin ƙafata ya yanka, domin tun ranar da ya gan ni ina taƙama da mai ƙyalli ya san ba zai kai ni ko'ina ba. Tafinsu fes, babu hatimi ko ɗaya. Tsohon ƙarfe yana gidan tarihin da ba a gina ba, sabon kuwa ya ce da shi matarsa ke danne murfin tukunya.

Ya faɗi kuɗi. Jama'a, sabo mugun abu ne. Hannuna ya riga ya kama hanyar ƙirji, "Haba ɗan'u..." ta riga ta fito rabi. Na haɗiye sauran da ƙyar, na zaro kuɗin man da ban samu ba, na haɗa da na cefane, na ba shi yadda ya faɗa. Ya dubi kuɗin, ya dube ni.

"Maƙwabci, lafiya kake? Ko rana ce ta buge ka a layi?"

Na zauna a kan dutse zan sa. Na leƙa cikin na dama, kamar yadda mutum kan yi saboda kunama, sai na zabura na yar da shi. Ido ne a ciki. Ƙaton ido guda, ya cika wurin tun daga dunduniya har yatsu, yana kallona ko ƙiftawa ba ya yi.

Wannan karon Sai-ka-gaji ya yi dariya ta gaske, har da hawaye. Ya ce iskar farkon damina ce ta yago allon shataletale ta jefa a kwalbati, babu wanda ya zo ɗauka tunda kwamiti ya tashi. Shi kuma fatar da yake shimfiɗawa a ciki ta ƙare, babu halin sayen wata, sai ya je ya naɗo abinsa ya yanyanka.

"Fuskata ce ai, ba sata na yi ba. Kai ma ka yi sa'a, ido ka samu. Mai aski haƙora ya samu, kuma sun dace da shi. Kada ka raina ta, leda ce mai kauri, ruwa ba ya ratsa ta. Duk abin da mutanen nan suka ba ni, ita kaɗai ce za ta ɗore."

Ya ɗaure bakin buhu ya saɓa a kafaɗa. Lambar gilashin ya bar ta a kan taga, wai mai rumfa ya riƙe ta ya yi alfahari. Ya ja ƙyaure, ya tafi karɓo baronsa, ni kuma na tsaya riƙe da babur ba mai, ina kallon bayansa har ya sha kwana.

Ɗazu na ji a rediyo cewa kwamitin auna nasara ya gano kishin kayan gida ya ƙaru matuƙa a garin nan, har ana shirin neman wani mai sana'ar a karrama. Ranku ya daɗe, Allah ya ƙara basira. Na dai aika wa mai ƙera bokitin layinmu da mai saƙa kujeru cewa in sun ga motoci sun shigo, su rufe rumfa su haura katanga. Mai aski kuwa mun yi shawara za mu riƙa zama a shagonsa bi da bi, don kada a sake barinsa da baƙo shi kaɗai.

Takalmin ya zauna mini daram. Uwargida ta juya tafinsa ta ga babu rubutu, ta tambaye ni na ina ne. Na ce mata na wani kamfani ne da ya rufe, ba a samun irinsa yanzu. Ta shafa fatar ta ce ai daga gani ka san mai tsada ne. In kun gan ni a layin mai ina taka ƙafar dama a hankali, kada ku yi mini sannu, ba ciwo nake ba. Kallona ake yi.